Firintar 3D ɗina tana hana maƙwabcina barci, fanka zan canza ko akwati zan yi mata?

Wa alaikumus salam ƙanena. Toh na ga tambayarka, kace ka sayi firintar 3D samfurin Ender 3 ta hannu kana buga ƴan kayayyaki da ita, maƙalin makulli da gidajen na'urorin furojet na ƴan ajin ƙarshe, ɗakinka na haya ne a Samaru, wuta kuma sai dare ta fi zama, shi ne dattijon da bango ɗaya ya raba ku ya fara ƙorafin wani ƙugi na hana shi barci, kana tambaya ko kayi odar fankokin Noctua da robobin nan da ake sa wa moto, ko kuwa ka samu kwalin firji ka kife ta ciki ka lulluɓe da soso.

Kar kayi odar komai tukuna. Maganar kwali da soso kuma ka cire ta a ranka gaba ɗaya, zan dawo kanta, amma tun yanzu ka tuna nozul ɗin nan, wato bakin da ke narka roba yana zubawa, a digiri 200 yake aiki koma sama da haka.

Abinda kai kake ji a cikin ɗaki da abinda Baba yake ji a nasa ɗakin ba abu ɗaya bane, kuma nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Kai kana jin shuuu ɗin fanka da kukan moto, wannan ta iska yake zuwa kunnenka, kuma bangon bulo mai filasta yana tare mafi yawansa. Shi kuwa abinda ke isa gare shi ba ta iska ya bi ba, jijjiga ce take fita daga ƙafafun injin ta shiga teburi, daga teburi ta sauka daɓe ko ta shiga bangon da teburin ya jingina da shi, ta ɓulla ɗakinsa a matsayin ƙugi mai kauri wanda da rana ba wanda zai lura da shi amma ƙarfe biyun dare sai ya cika kai. Ko ka cire fankokin duka ka yar wannan ƙugin yana nan. Shi yasa nace ka dakata da odar.

Gwajin da zaka yi yau ba ya cin ko sisi. Ka kunna injin ka barta tsaye ba ta buga komai, duk abinda kaji a lokacin fanka ne. Sai ka sa ta fara aiki, tana cikin yi ka sa hannu biyu ƙarƙashin firam ɗin na ƙasa ka ɗaga ta kaɗan daga kan teburi, ka kiyaye farantin da ake buga kaya a kansa, yana kai da komo kuma yana da zafi. In kaji ƙarar ta faɗi warwas da ka ɗaga toh teburinka ne ke yin rabin ihun. Ka ɗora tafin hannunka a bango ma kaji ko yana rawa. Mafi kyau duka, ka gaida Baba da yamma ka roƙe shi ya baka minti biyu ka tsaya a ɗakinsa injin na aiki, zaka ji da kunnenka abinda yake magana akai, kuma shi kansa zai ga cewa ka ɗauki maganarsa da muhimmanci, wannan kaɗai yana sanyaya rabin rigimar gidan haya.

Yanzu teburi. Yawancin teburan da ɗalibai ke saye a wajen kafintoci siraran filawud ne aka buga kan firam, faffaɗan fili mara nauyi, ƙasansa fanko ko kuma durowa. Moto shi kaɗai ɗan ƙaramin abu ne, ba ya iya tura iska mai yawa, amma da ya haɗu da faffaɗan katako mai sauƙin lanƙwasa sai katakon gaba ɗaya ya kama rawa tare da shi yana tura iskar ɗakin. Teburin roba na biki ya fi kowanne muni. Maganin abu biyu ne kuma dole a haɗa su, nauyi a sama, laushi a ƙasa. Injin ta zauna kai tsaye kan abu mai nauyi sosai, shi kuma abin mai nauyi ya zauna kan abu mai laushi. Kusan irin abinda masu janareta ke yi in sun ɗora shi kan tsohuwar taya, bambancin kawai ita firinta ba ta da nauyin kanta, ba ta kai kilo 10 ba, dole sai ka ara mata.

Kaje wajen masu buga bulo da intalok kace su zuba maka silab na kankare santimita 45 da 45, kaurin santimita 5, zai haura kilo 20. Su shafe samansa sumul kuma ya kwanta daidai, in yana da tudu firam ɗin injin zai murɗe ka dawo kana fama da lebul ɗin faranti. In ka samu ragowar giranit ko marmara wajen masu aikin kicin ya ma fi, dama a shafe yake. Tayil guda ɗaya ba zai yi ba, ya yi sauƙi da yawa, sai dai ka manne da yawa wuri ɗaya. In silab ɗin kankare ne ka shafa masa fenti saboda yana fidda gari, ƙurar da muke da ita ta ishe mu.

A ƙarƙashinsa ka sa soso mai tauri, irin na kujera wanda masu kushin ke yankawa, kaurin santimita 3 zuwa 5, ko tabarmar roba ta motsa jiki ka ninka ta. Yadda zaka gane ka dace, in ka ɗora silab da injin soson ya ɗan nutse amma bai lafe ƙasa ba. In ya lafe kamar takarda ya daina aiki, jijjigar wucewa zata yi abinta. In kuma bai motsa ba sam toh ya yi tauri, ka yanka shi gida huɗu ƙanana ka sa a kusurwoyi maimakon shimfiɗa guda, nauyin zai taru a ƙaramin wuri ya danne shi. Dalilin haɗin nan shi ne duk abu mai nauyi da ke zaune kan abu mai laushi yana da nasa saurin lilo, in nauyin ya yi yawa laushin ma ya yi yawa sai lilon ya zama a hankali ƙwarai, jijjigar moto kuma mai sauri ce, ɗaruruwa a daƙiƙa, sai ta kasa ratsawa. Silab ɗin kuma yana riƙe injin kar ta riƙa tangaɗi duk sanda faranti ya juya.

Abinda nake gani mutane suna yi wanda ba daidai ba shi ne su ɗora injin kai tsaye kan soso ko filo ba silab. Ƙugin zai ragu eh, amma injin zata riƙa rangaji, sannan in Ender 3 Pro ce ko V2 fankar bod ɗinta, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, a ƙasa take shaƙar iska, V2 ma har pawa sofulai ɗin, akwatin da ke ba ta wuta, a ƙasa yake, soso zai toshe su kana zaune bod ya gasu. Haka ƙafafun da ake bugawa da firintar kanta a cusa musu ƙwallon sukwash, suna ɗan taimakawa, amma sau nawa ka ga ƙwallon sukwash a kasuwar Sabon Gari? Silab ya fi su kuma ga shi a bakin titi.

Sannan ka ja teburin daga jikin bangon da kuka haɗa, ko da faɗin tafin hannu ne, kar katako ya taɓa bango ko ta ina. In da hali ka mayar da shi wancan ɓangaren ɗakin gaba ɗaya. In ɗakinka a ƙasa yake ba bene ba, ajiye silab ɗin da sosonsa a daɓen siminti ya fi kowane teburi shiru, illarsa ƙura da kuma sunkuyo. Ka sauko da nadin filamen, wato zaren robar da take narkawa, daga saman injin ma ka yi masa mazauni a gefe, kilo ɗaya ne cur a can ƙololuwa yana ƙara mata lilo, kuma bututun da yake juyawa akai yana ƙwanƙwasa. Ni a ganina in kayi waɗannan kaɗai akwai yiwuwar Baba ba zai sake magana ba.

Saura wanda ke damun kai da kake kwana da ita.

In injinka in tana zana da'ira kana jin kamar tana rera waƙa, sauti yana hawa yana sauka, wannan moto ne da direbansa, wato ɗan guntun lantarkin da ke kan bod yana tura masa wuta. Moto huɗun da ke jikinta irin NEMA 17 ne, ba juyawa suke sumul kamar fanka ba, taku suke yi, taku 200 a zagaye ɗaya, kowanne digiri 1.8. Fulin da ke jan bel yana da haƙori 20 tazarar milimita 2, kaga zagaye ɗaya milimita 40 kenan, wato taku 5 a kowace milimita. In kana gudun milimita 50 a daƙiƙa moton yana taku 250 a daƙiƙa, in ka kai 100 ya zama 500, kuma waɗannan duk sautuka ne da kunnen mutum ke ji sarai, shi yasa muryar take canzawa da saurin. Ender 3 ta farko da ta fito 2018 da direba A4988 tazo, yana raba kowane taku gida 16 amma har yanzu da ɗan fizga yake tura wutar. Direbobin Trinamic, wani kamfani ne na Jamus, irin TMC2208 da TMC2209 da TMC2225, suna ƙara raba takun har gida 256 a cikinsu kuma suna da wani salon tura wuta da suka sa wa suna StealthChop, wlh ranar da ka fara jin injin da aka sa wa irinsu zaka leƙa ka duba ko tana motsi ma.

Tunda ta hannu ka saya ka fara duba abinda ke ciki kafin ka kashe kuɗi. Ka zare ta daga soket, ka buɗe murfin bod ka karanta lambar da ke jiki. 1.1.3 da 1.1.4 yawanci masu waƙa ne. 1.1.5 da 4.2.7 masu shiru ne. 4.2.2 shi ne mai rikitarwa don yana zuwa da kowanne, sai ka duba harafin da aka rubuta da alƙalamin maka a kan ramin katin memori, C ko E mai ƙara ne, A ko B ko H mai shiru ne. In naka mai ƙara ne toh in akwai abu ɗaya da ya cancanci kayi oda shi ne bod, ko 4.2.7 na Creality masu ƙera Ender 3 ko SKR Mini E3 na BigTreeTech, dukansu suna zama a ramin tsohon ba sai ka huda komai ba. Ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka zare ko ɗaya, ka kula da jan waya da baƙa na shigar wuta don in ka juya su bod ɗin ya tafi nan take, kuma in ka ga bakin manyan wayoyin an shafe su da dalma ka yanke wurin ka sa musu ferul, ɗan bututun ƙarfen da ake matsewa a bakin waya, dalma tana lotsawa a ƙarƙashin noti a hankali har wurin ya saki ya fara zafi. In hannunka bai saba ba ka kai wa mai gyaran lantarki da ya iya aikin bod, ko wani cikin ƴan injiniyan lantarki na ABU da ya taɓa yi, ba abin kunya bane.

Robobin da ka ambata, damfa, ana sa su tsakanin moto da firam. Zamanin A4988 sun yi amfani. Amma suna da matsala biyu, na farko moton yana sauke zafinsa ne a jikin ƙarfen firam, in ka raba su da roba sai ya riƙe zafin, a garin da Maris da Afrilu ake dosar digiri 40 wannan ba ƙaramin abu bane. Na biyu Ender 3 da yawa fulinsu matse shi aka yi a jikin sandar moto ba noti, damfa kuma tana ja da moton baya kaɗan, sai bel ya daina zama a saiti kuma ba yadda zaka matsar da fulin. In ka canza bod ba ka buƙatarsu. Kuɗinsu ka tara a kan na bod.

Wani abu da zaka lura, akwai saurin da in injin ta kai sai ƙugin ya ninka, in ta wuce shi ko ta gaza shi sai ya lafa, saboda takun moto ya dace da saurin rawar wani ɓangare na firam ɗin. Kana iya kama shi da kunne, tana cikin bugu ka murɗa maɓallin allo ka rage saurin zuwa kashi 80 ko ka ƙara zuwa 110 kaji inda ta fi natsuwa, sai ka koma silaisa, wato manhajar da ke shirya wa injin fayil ɗin bugu irin Cura ko OrcaSlicer, ka mayar da saurinka can. Ba kullum rage gudu ke kawo shiru ba, wani lokacin ƙarawa ne.

Shi kuma bugun nan na dum dum da ke girgiza teburi ba daga gudu yake ba, daga tashi da tsayawa ne. Irin wannan injin farantin ne gaba ɗaya yake zuwa gaba da baya, in ka ɗora masa gilashi nauyin ya ƙaru, duk juyawa ɗaya sai ya tunkuɗi firam. Wurin gyara shi ne aksilareshan da jak a silaisa, wato saitin yadda take ɗaukar gudu da yadda take fizga in zata juya. Ender 3 ta asali da aksilareshan 500 take zuwa, in wanda ya sayar maka ya ɗaga ta zuwa dubu ɗaya da wani abu don sauri ka dawo da ita, jak kuma ka sauke shi wajen 6 zuwa 8, gudun tafiyar banza wanda take yi ba ta zuba komai ka rage shi shima don shi ne ya fi kowanne gudu. Kayi furofayil biyu, na rana da na dare. In kayan dogo ne ka kwantar da tsawonsa hagu zuwa dama, kan injin ne zai yi zirga-zirgar maimakon faranti, shi kuma ba shi da nauyi. Salon cikon cikin kayan da kake bugawa ma yana da tasiri, samfurin girid layukansa suna haye juna a shimfiɗa ɗaya sai nozul ya riƙa karo da su kana jin kar kar kar, jairoyid ba ya haye kansa amma in gudu ya yi yawa yana kaɗa injin kamar mai jin sanyi, a rage masa gudu shikenan. Filet ɗin ƙarfe mai shafin robar PEI ya fi gilashi rashin nauyi, kuma ka rabu da kilif ɗin takarda da hannuwansu ke kaɗawa.

Zaka ji ana maganar Klipper, wata manhajar sarrafa firinta, da salonta na infut shefin, inda ake manna ɗan na'urar ADXL345 a auna rawar injin sai manhajar ta riƙa kauce mata, Marlin ma, manhajar da ke cikin bod ɗin Ender 3, ya samu nasa tun siga ta 2.1.2. Abu ne mai kyau amma an yi shi ne don kayi gudu ba tare da inuwar layi ta fito a jikin kaya ba, wanda ya sa shi yawanci ƙara gudu yake ƙarar ta dawo. Ba nan zaka fara ba.

Kafin ma duk wannan ka ɗauki alanki ka bi notin firam ɗaya bayan ɗaya, injin da ta sha hanya a bayan mota ko a keke napep ba ta rasa sakakken noti, kuma murfin pawa sofulai da na bod suna yawan zuzzz in sun saki. Tayoyin roban da ke bin ramin firam kowane saiti yana da noti mai gefe guda wanda ake matse su da shi, daidai shi ne in ka riƙe kan injin ka murza tayar da yatsa ta juya da ɗan ƙyar. In ta juya sakaka akwai lilo, in ta ƙi juyawa ka matse da yawa zata cinye ta yi gefe mai faɗi kana jin tuk tuk a wuri ɗaya duk wucewa. Bel ya yi tauri yadda in ka taɓa zai yi ɗan sauti mai kauri, kar ya zama kamar zai tsinke, matse shi da yawa yana kashe boris ɗin moto. Lokacin hunturu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar nan tana kwanciya a ramin firam ta haɗu da garin roba, ka riƙa sharewa da tsohon buroshin haƙori da tsumma, tayoyin ba a sa musu mai ko kaɗan. Doguwar sandar nan mai zare ta hawa sama ita ce ke son giris, ka goge tsohon baƙin tukuna ka sa ɗan farin giris na litiyom ko mai PTFE, ba baƙin man inji ba, ba WD-40 ba. In ba ta aiki ka rufe ta da zani.

Akwai ƙarar da ba a so a ɓoye ta. In mai tura filamen yana ƙas ƙas yana komawa baya, nozul ne ya fara toshewa ko zafi bai isa ba ko ka matse shi da faranti. In kana jin ɗan fashe-fashe a bakin nozul musamman da damina, filamen ne ya sha danshi. In kai ya je ƙarshe yana gurrr, suwic ɗin iyaka ne ko wayarsa. Waɗannan gyara suke nema. Ƙarar maɓallin allo kuwa ɗan salatif a kan ƙaramar ƙararrawar da ke bayan allon ya gama da ita.

Toh fanka, wadda kai da ita kaso farawa. Da zarar ka sa bod mai shiru ita zata zama babbar murya a ɗakin, guda huɗu ne, ta sanyaya maƙogwaron kai wadda ba ta tsayawa muddin injin na kunne, ta hura kayan da ake bugawa, ta bod, da ta cikin pawa sofulai. Don ka gane mai ihun ka taɓa tsakiyar kowacce da yatsa na daƙiƙa ɗaya kaji wacce ta ɗauke ƙarar, banda ta pawa sofulai, kar ka cusa komai ciki. In wata tana gurnani minti biyun farko sannan ta lafa, bushin ɗinta ne ya cinye da ƙura, sabuwa irinta mai milimita 40 ta 24V ta wadatar kuma ba tsada.

Noctua fankoki ne masu kyau ba musu. Amma Ender 3 da 24V take aiki, mafi yawan ƙananan Noctua da zaka gani a kasuwa kuma 12V ne ko 5V, in ka jona kai tsaye ta ƙone, sai ka haɗa da ɗan bod mai rage wuta irin LM2596 ka saita shi da mita. Wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce wani ɓangare na shirun nata daga rashin gudu yake, iskar da take turawa ba ta kai ta asalin ba. Mutumin da kaga ya sa ta a YouTube yana zaune ne a ɗaki mai digiri 20 a Turai. Filamen irin PLA tun wajen digiri 60 yake fara laushi, aikin fankar nan shi ne ta hana zafin nozul haurawa sama inda filamen ya kamata ya zauna da ƙarfinsa, in iskar ɗakinka da kanta ta haura 35 kuma ka rage mata ƙarfi, sai filamen ya kumbura a maƙogwaro bayan awa biyu ko uku, injin ta cigaba da yawo a iska ba abinda ke fita, ka tashi da asuba ka tarar da rabin kaya. A Zariya ni ban ba kowa shawarar raunana wannan fankar ba. In dole sai ka canza toh ka nemi mai kauri, 40 da kaurin 20 maimakon 10, ka buga mata gidan da zai ɗauke ta, kuma ka gwada ta da dogon aiki a watan Afrilu ba a sanyin Janairu ba.

Inda ake samun riba ba haɗari shi ne bod, ka buga sabon murfi mai ɗaukar babbar fanka ta milimita 80, babba mai juyawa a hankali tana tura iska fiye da ƙarama mai ihu. Ka kuma sani a bod ɗin Creality fankar bod a haɗe take da ta hura kaya, in silaisa ta kashe waccan ita ma ta mutu, don haka in kana buga filamen irin PETG da fanka ƙasa-ƙasa bod ɗinka na shan zafi. SKR Mini E3 V3 ya raba su, har yana iya kashe ta maƙogwaro in kai ya huce ƙasa da digiri 50, kaga in aiki ya ƙare tsakar dare injin zata yi tsit da kanta, in banda fankar pawa sofulai. Pawa sofulai kuwa in Mean Well ne kamar na Pro fankarsa sai ya yi zafi take tashi, na tsohuwar Ender 3 kuma ba ta hutawa. Canza ta yana nufin buɗe akwatin da wutar 230V ke shiga, kuma kafasitocin ciki suna riƙe caji bayan an zare, wannan aikin mai gyara ne. In kaji shi pawa sofulai ɗin yana zzzz sai in kana kan inbata, toh inbatar ce ba mai tsaftatacciyar wuta ba, ba laifin firintar bane.

Mu dawo kan akwati. Akwati yana rage ƙarar fanka sosai in an yi shi da abu mai nauyi kuma ba ɓaraka, filawud mai kauri ko MDF na milimita 15 zuwa 18 da ƙofa mai roba a baki, nauyin bangon ne ke tare sauti. Kwali ba shi da nauyi, soson katifa kuma ba ya tare ƙara, amsa-kuwwa kawai yake ragewa, ga shi da ya ga wuta yake kamawa da baƙin hayaƙi mai guba. Kwandon ƙwai da ake mannawa shima labari ne. Sannan Ender 3 na farko-farko sun fito ba a kunna musu kariyar nan da ke kashe hita in na'urar auna zafi ta zame daga wurinta ba, in bod ɗinka 1.1.3 ne ko 1.1.4 kuma ba a taɓa sabunta masa Marlin ba ka ɗauka babu ita, wannan ma wani dalilin canza bod ne da ya fi na neman shiru muhimmanci. Ka duba fulogin nan rawaya XT60 da ke tsakanin pawa sofulai da bod, in ya yi baƙi ko ya narke a gefe a canza shi kafin a sake kunna ta.

In duk da haka kana son akwatin, kafinta zai yi maka, amma a fito da pawa sofulai da bod waje a ƙara tsawon wayoyinsu, a bar hanyar shigar iska a ƙasa da ta fita a sama da babbar fanka mai juyawa a hankali, hanyar ta zama mai lanƙwasa ba huda miƙaƙƙiya ba don sauti ma ta nan zai fito. PLA ba ya son rufaffen wuri, da zafin bazara sai dai ka bar ƙofar a buɗe, filamen ABS ne ke son akwati shi kuma warinsa ba na ɗakin kwana bane sam. Ko PLA ɗin ma ka bar taga a buɗe in kana ciki. Akwatin shima kan silab da soso zai zauna, in ka ɗora injin kai tsaye a kan katakonsa ka sake ƙera wani teburin ne mai bango huɗu.

In zaka auna cigaban da kake samu ka sauke manhajar auna ƙara a waya, lambarta ba daidai take ɗari bisa ɗari ba amma tana nuna bambanci in ka ajiye wayar wuri ɗaya, nisa ɗaya, fayil ɗaya kake bugawa, fankar silin a kashe. Ka canza abu ɗaya ka auna kafin ka taɓa na gaba. Ragin desibel 3 da ƙyar kunne ke kama shi, ragin 10 shi ne zaka ji kamar an raba ƙarar biyu. Makirfon waya ba ya kama ƙugi mai kauri sosai, don haka na ɓangaren Baba shi zaka tambaya da safe bayan ka sa silab ɗin. In ka buɗe bod ɗin ka turo min lambar da harafin da ke kan ramin katin, da hoton fulogin rawayan, sai in faɗa maka wanda zaka yi oda.